Ƙusar da Na Sa Aka Buga wa Baba

Kafin ku fara yi min ruwan zagi a ƙasan wannan rubutu, ku bari in kai ƙarshe. Na san wasunku tun a tsakiya za su yanke min hukunci, kuma ba zan ce sun zalunce ni ba. Ni kaina na riga ku yankewa.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana har a wurin aiki. Ina aiki a ofishin Sashen Fiziks na jami'ar garinmu. Ni ke buga takardu, ni ke rubuta bayanin taro, ni ake nema idan makullin wani ɗaki ya yi ɓatan dabo. A wannan sashen Baba ya koyar har ya yi ritaya. Yanzu yanar ido ta kama shi, haske da inuwa kawai yake rarrabewa, likita kuma ya ce sai sukarinsa ya sauka za a yi masa aiki. Amma kullum na dawo, kafin in cire takalmi zan ji muryarsa daga falo.

"Auta ce? Me sashe ya ce yau?"

Sai na ɗan ba ku tarihin wurin, don in ba haka ba ba za ku gane girman ɓarnar da na yi ba.

A farkon jami'ar babu Sashen Fiziks, babu Sashen Kemistiri. Sashe ɗaya ne ya haɗa su, a gini ɗaya, ginin da ya fi kowane kyau: ga famfo a gefen kowane tebur, ga bututun gas, ga manyan tagogi. Shugabansu na farko wani baƙo ne daga wata ƙasa. Hotonsa na nan har gobe da lofe a baki, shi ya sa muke ce masa Mai Lofe. Da ya koma ƙasarsu, sai aka ba Baba riƙon ƙwarya. A lokacin riƙon nan aka raba sashen gida biyu. Kemistiri suka samu babban gini, mu kuma aka tura mu tsohon sito na jami'a. An yi masa ƙari, an yi masa fenti ba sau ɗaya ba, amma har yau sunansa Sito, kuma har yau in damina ta zo rufinsa yoyo yake.

Kowa ya tafi a kan cewa Mai Lofe ne ya ƙulla abin kafin ya tashi, tunda shi ɗan Kemistiri ne. Don haka muke da wata ɗabi'a: duk wanda ya ajiye bokiti a ƙarƙashin yoyo, sai ya ɗaga kai ya kalli hoton ya ce, "Mun gode, Mai Lofe." Farfesoshi na faɗa, masu shara na faɗa, ɗaliban da ba su san ko waye ba ma suna faɗa.

Hoton yana doguwar barandar shiga, inda aka jera hotunan duk shugabannin sashen. Ƙa'ida ta ce ba a rataya hoton mai riƙon ƙwarya. Don haka daga Mai Lofe sai wanda ya biyo bayan Baba, kamar ba a taɓa yin Baba ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Mama ce ta ce min duk tsawon aikinsa, in zai wuce ta barandar nan, ɗaya bangon yake kallo.

To bana sashen ke cika shekara hamsin, za a yi babban taro, kwamitin shiri kuma ya amince a ɗaga ƙa'ida a rataya hoton Baba. Ranar da na kawo masa labarin, sai ya yi ta shafa gwiwarsa. Washegari ya sa aka kira tela. Aka kai shi wurin mai hoto, Mama na gyara masa hula tana cewa ya daina ɗaure fuska kamar mai gadin jarrabawa. Ni da kaina na tsaya a kan kafinta ya matsar da sauran hotunan, ya auna, ya buga sabuwar ƙusa kusa da Mai Lofe. Har sa shi na yi ya cire ya sake bugawa, wai ta ɗan karkace.

Yanzu bari in zo kan Dakta.

Matashin malami ne a sashen, dogo, mai tabarau, irin mutanen da ke gode wa na'urar buga takarda in ta yi aiki. Mun fi shekara muna tare. Ya zo ya gaida Baba, Baba ya yaba da shi, sai dai maganar turo manya shiru kake ji. Shi aka ɗora wa rubuta ɗan littafin tarihin sashen, tun daga nan kuma na zama ta biyu a rayuwarsa. Yayata in ta zo gida ba ta zama sai ta tsokane ni.

"Shi wannan Daktan naki, ke zai aura ko kabad ɗin takardu?"

"Yaya, aiki ne ya yi masa yawa."

"Haka mijin ƙawata ya ce, har ta gama digiri na biyu tana jira."

Mama ba ta magana, sai dai ta kalle ni ta gefen ido. Wannan kallon ya fi maganar Yaya zafi.

Saƙonnin Dakta da a da ke farawa da "Kin ci abinci?" suka koma haka:

"Auta, na duba takardun shekarar gaba ɗaya. Babu suna."

"Sunan wa?"

"Wanda ya ba da shawarar a ba Kemistiri ginin. Abin da aka rubuta kawai: kwamiti ya amince."

"Ai haka ake rubutawa."

Kuma haka ne. A aikinmu ba a sa sunan mutum a kan shawara. Ko da an yi ta hayaniya har wani ya buga tebur, ni abin da zan rubuta shi ne, bayan tattaunawa, kwamiti ya amince. Haka aka koya min, haka aka koya wa wanda ya riga ni.

"Amma akwai abin da bai yi daidai ba," ya sake rubutowa. "Mai Lofe ya bar ƙasar kafin a yi taron. Ba shi ba ne."

Na daɗe ina kallon saƙon nan, saboda na san amsar.

Ana gobe zan fara aiki a sashen, Baba ya kira ni ɗakinsa ya ce in rufe ƙofa. Ya ce tunda zan riƙa jin ana gode wa Mai Lofe, gara in san gaskiya. Shi ne kwamitin jami'a ya kira ya tambaya, da baki, wa ya kamata a bar wa ginin. Shi ya ce a bar wa Kemistiri.

"Baba, kai da kake ɗan Fiziks?"

"A shekarar nan asid ya fallatsar wa wata ɗaliba a fuska," ya ce. "Famfon gefen teburinta ne ya ceci idonta. A Sito babu famfo ko ɗaya. Mu wayoyi da maganaɗisu ne kayan aikinmu, na ce za mu iya lallaɓawa. Ban san rufin haka yake ba."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da farko tsoro. Da na ga yadda suka fusata, sai bakina ya mutu. Daga baya kuma kunya. Mutum yana can ƙasarsu bai san hawa ba bai san sauka ba, ana gode masa a kan abin da ni na yi." Sannan ya ce, "Daga ni sai mamanki, yau ga ki ta uku. Wannan maganar ta gida ce, Auta."

Na ce to, Baba.

Ina so in ce muku Dakta ne ya matsa min. Bai matsa ba. Bai ma san na sani ba.

Wata rana da azahar na shiga ofishinsa da sabuwar doguwar riga, ruwan toka mai ɗinkin azurfa a hannu, da mayafin da sai da na zagaya kasuwa kafin na samu wanda ya shiga da ita. Na tsaya a gaban teburinsa. Na gyara mayafi. Na yi tari. Bawan Allah ya ce "Sannu" ba tare da ya ɗago ba, yana ta juya tsofaffin takardu masu warin ƙura. Muryar Yaya ta dawo min a kunne. Sai kawai na ji bakina ya ce:

"In na gaya maka sunan da kake nema, me za ka ba ni?"

Ya ɗago. Ya cire tabarau ya kalle ni, irin kallon da rabona da shi tun kafin a fara maganar littafin nan. Wallahi wannan kallon na saya. Na ja kujera na zauna na zayyane masa komai, har da ɗalibar da famfon. Yana saurare idonsa na ƙyalli.

"Auta, kin san me kika ba ni? Babanki gwarzo ne. Ya zaɓi idon ɗalibai a kan jin daɗin sashensa."

Har da lura da rigar ya yi kafin in fita, ya ce ta yi min kyau.

Ga wurin da ba zan yafe wa kaina ba: ban ce masa sirri ne ba. Ya zo bakina, na haɗiye. In na faɗa, zai gane cewa ni mace ce mai fitar da maganar gidansu, ni kuma ina so ya ci gaba da kallona yadda yake kallona. Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Goben ta zo ta wuce.

A taron kwamiti na gaba, ina zaune a ƙarshen tebur da biro a hannu, shugaban sashe ya ce Dakta ya karanto inda ya kai. Shugaban namu farfesa ne mai furfura, tsohon ɗalibin Baba, mutumin da ke kirana 'yata. Dakta ya miƙe baki har kunne. Ya ce ya warware abin da ya shige wa sashen duhu shekara da shekaru, kuma daga majiya mai tushe. Tun daga nan na yi ta ƙoƙarin haɗa ido da shi, shi kuwa takardarsa yake kallo. Ya karanta, ya ambaci Baba, ya kira abin sadaukarwa. Da ya gama ya tsaya yana jiran tafi.

Ba wanda ya motsa. Fankar sama kawai ake ji.

Dakta bai daɗe a sashen ba. A wurinsa yoyon Sito abin dariya ne. Bai san cewa a daminar farko ruwa ya shiga na'urar da Farfesa ke binciken digirinsa da ita ba, har sai da ya sake aikin daga tushe. Bai san wata farfesar da ke gefensa ta yi shekaru tana koyarwa da lema a kusa da allo ba.

Farfesa ya cire hularsa ya ajiye a tebur.

"Wato malaminmu yana tare da mu," ya ce a hankali. "Muna tarar ruwa, yana tsaye a gefenmu. Daga bakinsa na fara jin 'Mun gode, Mai Lofe.' Da ya gaya mana dalilin nan a lokacin, wataƙila mu yi fushi mu huce. Amma ya bar mu muna zagin wanda ba ya nan."

Dakta ya buɗe baki, Farfesa ya ɗaga masa hannu.

"Mu koma kan batun hoto. Ina ganin mun yi gaggawa. Ƙa'ida ƙa'ida ce."

Aka ɗaɗɗaga kai. Ni kuma, da wannan hannun nawa, na rubuta: bayan tattaunawa, kwamiti ya amince a bi ƙa'ida.

Da aka watse Farfesa ya kira ni ofishinsa ya miƙo min hoton, har lokacin yana cikin takardar da aka naɗo shi.

"'Yata, ki yi haƙuri. Kujerarsa na nan a sahun gaba, malaminmu ne, ba za mu wulaƙanta shi ba. Amma wannan, ke za ki fi iya gaya masa."

Bai tambaye ni wace ce majiyar ba. Da ya tambaya, da ya fi min sauƙi. Na kai hoton ofishina na cusa shi a bayan kabad.

Ban kai ga zama ba wayata ta yi ƙara, saƙon Dakta ne.

"Auta, me na yi?"

"Ba kai ba ne."

"Babanki ba ya so a sani, ko?"

Kafin in taɓa waya, ya ƙara turowa:

"Me ya sa ba ki gaya min sirri ne ba?"

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Can sai ga wani saƙon:

"Na so in karanta masa a gaban kowa ranar babban taron, ya ji daɗi. Na riga na gaya wa kawunnaina su shirya, bayan taron za su zo. Bari in zo gida in gaya masa da bakina."

Kun ji. Maganar da na shekara ina jira, ga ranar da ta zo. Na rubuta masa: "Kar ka zo. Ni zan faɗa."

Ban faɗa ba.

Na gwada. Ranar na shiga gida da niyya, sai na tarar tela ya kawo riga, fara sol mai aiki ruwan sararin samaniya a wuya. Baba na tsaye a tsakiyar falo ya buɗe hannuwa, Mama na ja masa kafaɗa, Yaya na ɗaukarsa a waya tana cewa ya juyo.

"Auta ce? Zo ki gaya min gaskiya, waɗannan zuga ni suke yi. Ta zauna?"

"Ta zauna, Baba."

"Me sashe ya ce yau?"

"Suna gaishe ka."

Wata ranar na kawo masa shayi, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ce Baba akwai magana. Ya ce shi ma akwai, ya riga ni: wai yana tunanin ko a ɗan sauke hoton ƙasa kaɗan, kada ya fi na Mai Lofe tsawo, rashin kunya ne. Na ce an auna, daidai suke. Ya ce to mece ce tawa maganar. Na ce na manta.

A makon aka yi ruwa. Wani sabon malami ya ja bokiti a baranda, ya ɗaga kai ya fara, "Mun gode, Mai..." Sai ya hango ni a ƙofar ofis. Ya haɗiye sauran, ya sunkuyar da kai ya wuce. A nan na gane magana ta gama zaga Sito. Na shiga na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na ci gaba da buga katin gayyata.

Ranar taron Baba ya riga kowa shiri. Ya ce in kai shi da wuri, kafin a cika, yana so ya ga abinsa ba tare da ana kallonsa ba. Mama da Yaya za su biyo baya. A mota na ce yanzu zan faɗa, a bakin ƙofar jami'a na ce bari mu sauka, da muka sauka na ce bari mu shiga inuwa. Yana riƙe da hannuna, turarensa na tashi, rigar na ƙarar sabon yadi.

A matakala muka haɗu da farfesar nan mai lema. Ta gaida shi a taƙaice ta wuce. Wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda a da in ya ga Baba sai ya riƙe hannunsa ya yi ta zuba, ya ce "Sannu da zuwa, Malam," bai tsaya ba. Na ji yatsun Baba sun ɗan ƙara matse hannuna.

Barandar babu kowa sai Dakta, yana tsaye a can ƙarshe da tarin littattafan a hannu. Ya kalle ni, ya kalli Baba, ya gane ban faɗa ba. Fuskarsa ta canza.

"Nan ne?" in ji Baba.

"Nan ne."

"Wannan duhun na farko Mai Lofe ne. Na gane shi." Ya yi 'yar dariya. Ya matsa gaba ya ƙanƙance ido. "Haske ya yi yawa a kan nawa, ba na ganin komai. Ya yi kyau?"

Ku da kuke karantawa, na san abin da kuke so in ce na faɗa. Ga abin da na faɗa:

"Ya yi kyau, Baba."

"Hular ba ta karkace ba?"

"Ba ta karkace ba."

Sai ya saki hannuna ya miƙa nasa. Na ga yatsunsa sun taɓa gefen hoton Mai Lofe, sun bi katakon, sun sauka kan bango. Suka shafa fenti. Suka yi sama, suka yi ƙasa. Sannan suka tsaya a kan ƙusar.

Ya daɗe yana riƙe da ita tsakanin yatsa biyu. Ina jin takun Dakta yana matsowa, har ya tsaya a bayanmu.

"An buga ta daidai," Baba ya ce. Muryarsa ba ta rawa. "Sun ji maganar ginin ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Ba su yi laifi ba. Da ni ne su, haka zan yi." Ya sauke hannunsa ya gyara wuyan sabuwar rigarsa. Bai nemi hannuna ba. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina, da idanun nan da ba sa ganina.

"Mamanki ba ta san kowa a jami'a ba," ya ce. "Wa kika gaya wa, Auta?"